Saitin furoksi yana gogewa da kansa a kwamfutocin ofishinmu

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masana kwamfuta, don Allah ku taimaka mini.

Kwamfutocin ofishinmu Windows 10 ne, duk a domen ɗaya (wato daga wuri ɗaya ake sarrafa su duka). Idan na sa adireshin furoksi (sabar da ake bi ta cikinta a shiga intanet) da lamba 8080, intanet ta kama lafiya lau, amma bayan kamar minti 90 sai ta ɗauke, in duba rajista (ma'ajiyar saitunan Windows) in tarar ProxyEnable, makunnin furoksin, ya koma 0, wato a kashe. Da yake tazarar da Group Policy (dokokin da domen ke tura wa kwamfutoci) ke sabuntawa ke nan, shi na fara zargi, sai dai gpresult (umarnin da ke nuna dokokin da ke aiki a kan kwamfuta) bai nuna wata dokar furoksi ba. Na bincika bayros, babu.

Kwamfutar akanta (mai lissafin kuɗi) kuwa, wadda ba ta cikin domen, ko gezau. Ina kuma ya kamata in leƙa? Ko manhajar VPN (mai bi da intanet ta ɓoyayyiyar hanya) ce ke wannan ɓarnar?