Takardar auren kakannina: takarda zan gaskata ko baki?

Jikar Gida:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba binciken tarihin zuri'a. Bayan rasuwar kakata ta wajen uba, takardar shaidar aurenta da kakana ta shigo hannuna. Falle ɗaya ce, ta yi jaja-jaja, ta fara tsagewa a wurin ninki. Akwai sunan ango da na mahaifinsa, sunan amarya da na waliyyinta, shaidu biyu, lambar rajista a sama, da hatimin da rabinsa ya goge. Shekarar da ke jiki 1377 ce ta Hijira.

Abu biyu sun ɗaure min kai. An rubuta shekarun kakata 20, alhali babana kullum cewa yake ba ta kai haka ba lokacin auren. Sannan sunan mahaifin kakana da ke takardar ba shi ne wanda muka tashi muna ji a gida ba. So nake in rubuta wa 'ya'yana asalinsu tun tsofaffin da suka rage suna da rai. Ta ina zan fara?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan kakarki. Na daɗe ina cike rajista a wurin aiki, don haka bari in gaya miki yadda irin wannan takarda take samuwa. Abin da ke cikinta kashi biyu ne: wanda marubucin ya gani da idonsa, da wanda aka faɗa masa. Ranar aure, wurin da aka yi shi, mutanen da suka tsaya shaida, waɗannan a gabansa suka faru, ki riƙe su da ƙarfi. Amma shekarun amarya? Tambaya ya yi, wani ya ba shi amsa, ya rubuta. Sau da yawa ma ba amaryar ce ta amsa ba. Idan ba a yi wa mutum rajistar haihuwa ba, kintace ake yi, shi ya sa za ki ga 20, 25 da 30 sun cika tsofaffin takardu. Wani lokaci kuma da gangan ake ƙarawa ko a rage. Saboda haka maganar babanki ba ta faɗi ba tukuna. Ki auna ta da shekarar haihuwar ɗanta na fari da ta autanta.

Abin da ya fi komai daraja a wurina shi ne lambar rajistar nan. Takardar hannunki kwafi ce ta abin da aka shigar a littafi, kuma littafin yakan ɗauki abin da ba a kwafo ba, kamar sana'ar ango, inda kowa yake zaune, ko wata sanarwa a gefen shafi. Ki ɗauki hoton hatimin, ki faɗaɗa shi a waya, ki gano ofishin da ya buga shi. Ko an rufe ofishin, littattafansa sukan koma wata ma'ajiyar tarihi.

Mai Bin Salsala:
Baba Magatakarda ya gama magana kan shekaru. Ni shaidun nan biyu nake so ki kalla, 'yar'uwa, don su mutane suka fi tsallakewa. Ba a ɗauko baƙo daga titi a ce ya tsaya shaidar aure. Galibi ɗan'uwa ne, ko suruki, ko aminin gida. Ki karanta wa tsofaffinku sunayen, ki yi shiru ki saurara. A namu binciken, sunan shaida ɗaya ne ya fito mana da reshen dangi sukutum da ba mu san da shi ba. Haka waliyyin: idan ba mahaifinta ba ne, akwai yiwuwar mahaifin ya rasu kafin auren, kin ga kin samu iyakar lokacin rasuwarsa.

Kada kuma ki yi mamaki idan ba ki ga sunan uwa ko ɗaya ba. A Ingila da Wales an fara rajistar gwamnati a 1837, amma sunan uba kawai ake sawa a takardar aure har zuwa 2021. A Sikotilan kuwa tun 1855 ake rubuta uwa da uba. Kowace ƙasa da tsarinta, kuma ɓangaren mata ne ya fi ɓacewa, don haka ki fara tambayar sunayensu tun yanzu. Ki leƙa FamilySearch, shafin intanet na binciken tarihin zuri'a, kyauta ne, sai dai wasu yankunan ba su da komai a ciki.

Malamar Tarihi:
Kan sunan da ya bambanta, kada ki yi saurin cewa marubuci ne ya kuskure. Mai yiwuwa na gida laƙabi ne, na takarda kuma sunan yanka. Mai yiwuwa kuma wani ne ya riƙe kakanki, aka riƙa danganta shi da shi. Ki rubuta duka biyun, kowanne da wanda ya faɗa miki da ranar da ya faɗa, kada ki goge ɗaya.

Shekarar 1377 ta faro ne a tsakiyar 1957, ta ƙare a tsakiyar 1958, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Sai kin duba watan kafin ki tsayar da shekara. Kuma don Allah kada ki kai takardar a rufe ta da leda mai zafi, kada ki liƙe tsagewar da salatif. Dukansu ɓata ta suke yi. Ki ɗauki hotonta gaba da baya, ki shimfiɗa ta a fayil, nesa da damshi da rana, hoton kuma ki tura wa 'yan'uwa.