Neman Hausar "adaptation": sabo ne ko me?

Jama'a ku taya ni. Ina shirya wa 'yan sakandare darasin kimiyya da Hausa, kalmar nan ta tsaya mini a wuya. "Daidaitawa" nake yawan ji, ni kuwa da na ji ta sai in tuna miji da mata da aka yi wa sulhu.

Kaya uku Turawa suka ɗora wa jaki ɗaya, wato ma'ana uku a kalma ɗaya. Ga na farko. Ɗan Jos ya sauka Sakkwato a watan Afrilu, kwanakin farko kamar zai narke. Kafin mako biyu zufa ta fara zuwa da wuri, gishirin da ke fita a cikinta ya ragu. Wannan sabo ne, ba gardama. Sai dai ɗan da zai haifa ba zai zo da shi ba.

Na biyun ne ya hana ni barci, wato na masu nazarin juyin halitta, wanda Darwin ya yi bayaninsa a 1859. Dubi Dinka na Sudan ta Kudu, dogaye sirara, jikin da ke saurin sakin zafi. Dubi Inuit na ƙasar ƙanƙara, ƙirarsu a dunƙule, mai riƙe ɗumi. Ko nan gida: yawancin manya a duniya ɗanyar madara na ɓata musu ciki, amma Fulani da dama su kafa kai a ƙwarya su tashi lafiya lau. Ba wanda ya koyi wannan. Masu jikin da ya dace da wurin sun fi barin baya, har abin ya bi jini bayan zuriya ɗaruruwa.

Da farko na rubuta "sabon gado". Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, na amarya ko na asibiti?" Na mayar da shi "gadajjen sabo". Tsohon malamina ya ce, "Ɗana, a waya wa ke sa ƙugiya? Gobe za a ce ka ce ana gadon saɓo." Na goge da sauri.

Yanzu na tsaya a "dacewar zuriya", don abin na zuriya ne, mutum ɗaya ba ya yin sa.

Na uku shi ne na yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi: manomi ya koma shuka gero mai saurin nuna, gari ya yashe magudanar ruwa kafin damina. Ni "dabarun zama da sauyin yanayi" zan ce. Kuma kada a gwama shi da na biyu, don ɗumin da duniya ta ƙara, sama da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19, tsakanin kakan kaka ne da mu. Jini ba ya sauyawa da wannan gudun. In yaro ya karanta "sabo" a nan, zai ɗauka jiki ne zai yi aikin.

Saura "natural selection", wato yadda masu jikin da ya dace da wuri ke fin barin baya. Ana cewa "zaɓin yanayi", amma zaɓi sai mai niyya. Ina jarraba "tankaɗen yanayi": gari ya wuce, tsaki ya tsaya a rariya. Malaman Hausa, ya zauna a kunne?