Dan Allah a ina zan samu bireziya marar ƙarfe mai riƙe ƙirji sosai a Jidda?

Maman Hanan (Jidda):

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema akan abinda ya daɗe yana damuna. Ina zaune a Jidda shekara 11 kenan, tunda na yaye ɗana na uku jikina ya canza, ƙirjin ya ƙara nauyi kuma ya sauka, shiyasa duk bireziyar da zan saya sai mai ƙarfe don ita kaɗai nake ganin tana ɗagawa. To a azumin da ya wuce mun je Umra, muna zagaye na huɗu a Safa da Marwa kawai naji abu yana sukata a ƙasan hammata, ashe ƙarfen ne ya huda yadin ya fito, ga cunkoso ba halin tsayawa ballantana gyarawa, haka na ƙarasa sauran ukun ina dafe da gefen haƙarƙarina ta cikin abaya, da muka koma masauki wurin ya yi jawur har da ɗan jini. Tun ranar na zauna da almakashi na zare ƙarafan duka, sai kuma suka koma kamar tsumma basa riƙe komai, igiyar tana cin kafaɗata har ta yi min rami.

Na biyu kuma likita tace sugana ya fara hawa in riƙa tafiya minti 30 kullum, muna fita kornish, wato bakin teku, bayan la'asar nida maƙociyata. Na sayi irin ta motsa jikin nan da ake zurawa ta kai riyal 25, wlh numfashi ma da ƙyar nake yi a cikinta, in na yi gumi kuma cire ta aiki ne, ga ruɗubar Jidda kun santa, wato damshin iskar nan mai sa gumi, ƙasan ƙirjina har ya fara ƙuraje yana ƙaiƙayi. Maƙas ɗina, wato lambar bireziyata, 40C, shi nake sawa tun haihuwar Hanan. Wace iri zan nema kuma a ina? Allah ya saka da alheri.

Anti Rabi mai ɗinki (Makka):

Wa alaikumussalam Maman Hanan, sannu Allah ya karɓi ibada. Ni kafin a je maganar shago tambaya zan miki, wa ya auna ki yace 40C ce ke? Don haihuwa uku an yi kina kan lamba ɗaya, da wuya ace har yanzu ita ce. Shekarata sama da 20 ina ɗinki a Shara Mansur, mata da yawa in sun zo awon riga sai inga bayan bireziyar ya hau can sama kusa da wuya, gaban kuma ya zubo, wannan alama ce ɗamarar ƙasan ta yi musu yawa. Ita ɗamarar nan da ta zagaye haƙarƙari ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin, ba ƙarfe ba ba kuma igiyar kafaɗa ba, in ta yi sako-sako sai nauyin duk ya koma kan kafaɗa, ramin da kike gani kenan.

Ki samu tef na tela. Ki auna ƙasan ƙirji daidai inda ɗamarar ke zama, ki ja shi ya kama jiki amma ba har ki kasa numfashi ba, ki duba madubi kar ya karkace ta baya. Sai ki auna ta kan nonon inda yafi tudu, wannan karon kar ki matse, tunda kince ya sauka ki ɗan sunkuya gaba ki sake aunawa ki rubuta duka biyun. Ki kawo lambobin a santimita mu gani.

Ummu Sultan (Jidda):

Anti Rabi ta gama magana wlh. Ni a nan aka haife ni kuma na yi shekara 6 ina aiki a shagon kayan ciki na mata, ina cikin waɗanda aka fara ɗauka a 2012 lokacin da umarnin Sarki Abdullah ya fara aiki cewa mata ne za su riƙa sayar da irin kayan nan. Kafin nan maza ne a shagunan, iyayenmu sai dai su nuna da yatsa su biya su fita da sauri, wa zata tsaya tana gaya wa ƙato awon ƙirjinta? Ina ganin daga nan muka gaji sayen abu da ka, uwa ta ce wa 'yarta ke 38 ce shikenan har tsufa. Yanzu alhamdulillah ki shiga ki ce wa yarinyar shago ta auna ki, ba a biyan ko halala.

Abinda ke rikita mutane a kasuwar nan lambobi ne kala uku a cakuɗe. 36 na Ingila shine 80 na Turai, shine kuma 95 na Faransa. 38 shine 85, 40 shine 90. Haruffan kofin, wato ɓangaren da nono ke shiga, su ma ba ɗaya bane, Ingila bayan D sai DD sai E sai F, Turai kuma D, E, F a jere, kenan 80F na Turai shine 36E na Ingila, ki riƙa karanta takardar jikin rigar da kyau. Sannan harafin ba shi da girma tsayayye, yana tafiya ne da lambar ɗamara, kofin 40C girmansa ɗaya da na 38D da na 36DD. Shiyasa mace zata ji kofi ya mata kaɗan sai ta ƙara lambar ɗamara maimakon ta ƙara harafi, kofin ya ɗan shiga amma ɗamarar ta koma lilo, da haka ake ɓacewa.

Marar ƙarfe mai riƙewa akwai ta, amma ba irin mai sulɓin nan marar ɗinki da ake rubuta wa S, M, L ba, waccan ta zaman gida ce ko ta masu ƙaramin ƙirji. Ke ki nemi wadda kofinta yanki-yanki ne an haɗa da ɗinki, biyu ko uku, ɗinkin nan shi ke yin aikin da ƙarfe yake yi, gefenta ya zama mai tsawo har kusa da hammata, ɗamarar ƙasa mai faɗi kamar yatsu uku, ƙugiya uku ko huɗu a baya, igiyar kafaɗa mai faɗi wadda bata miƙewa sosai. In kina gwadawa ki maƙala ta a ƙugiyar farko ta baki, wato mafi saki, saboda roba tana saki da amfani sai ki riƙa matsawa ciki. Ki sunkuya ki sa hannu ki tattaro naman gefe da na ƙasa duk ya shiga kofi, ki ɗaga hannuwa sama, in ta biyo ki ta hau ba taki bace. Yatsu biyu su shiga ƙarƙashin ɗamarar ta baya, in hannu duka ya shiga ta yi yawa.

Wajen saye ki leƙa Marks & Spencer ko Nayomi, mololi irin Red Sea Mall da Mall of Arabia ba a rasa shagunan kayan ciki. Ki jira lokacin ragi in kuɗi sun yi ƙasa, wajen 23 ga Satumba ranar ƙasa da kuma ƙarshen Nuwamba ana karya farashi. In ta intanet zaki saya ki fara da guda ɗaya tak, yawanci kayan ciki basa komawa.

Zee_Riyad:

Maman Hanan wadda kika saya irin mai danna ƙirji ce kawai ta manna shi da jiki, tana yi wa masu A da B amma mai nauyi sai dai ta matse ki a banza kuma duk da haka yana motsi. Akwai iri na biyu da kowane ɓangare yake da kofinsa kamar bireziyar yau da kullum, ita ake sayarwa da lamba da harafi, tana da ƙugiya a baya ko zif a gaba, ita ce taki, ba sai kin yi kokawa da ita ta kai ba bayan kin jiƙe da gumi. Ni tun da aka fara ba nadin mata, wato gidajen motsa jiki, lasisi a 2017 nake zuwa, farkon nan bireziya biyu nake haɗawa ɗaya kan ɗaya kafin wata koci ta nuna min, ta ce shi nono ba tsoka a cikinsa, fata ce da wasu siraran jijiyoyi ke riƙe shi, kuma in ana gudu ba sama da ƙasa kaɗai yake yi ba har gefe da gefe, shiyasa ciwon. A shagon kayan wasanni na Decathlon suna rubuta matakin riƙewa a jiki, ke tafiya kike yi ba gudu ba amma da nauyin da kika faɗa ki ɗauki mai riƙo sosai. A ɗakin gwaji ki yi tsalle sau biyar ki gani da idonki. Mai zif kuma ki duba akwai ɗan yadi a bayan zif ɗin, in babu zai goge miki fata. Kuma dan Allah kar ki wuni da ita, kina dawowa ki cire.

Hajiya Balaraba (Madina):

Ni dai zan ɗan saɓa muku 'yan nan. Shekarata 58, ƙirjina ba ƙarami bane, na gwada marasa ƙarfen nan kala-kala kuma in zan shiga biki ko wata fita ta mutunci babu wadda ke tsayar min da riga kamar mai ƙarfe, in dai daidai jikinki ce ƙarfen a kan ƙashi yake kwanciya baya taɓa nama. Amma zuwa Harami da aikin gida kam marar ƙarfe ta auduga nake sawa, mutum zai zauna daga la'asar har isha'i ga ruku'u ga sujada. Sannan a tuna ba kowa ke da riyal 150 na zubawa a riga ɗaya ba, akwai masu shagala, wato aikatau a gidaje, da albashin ma gida ake turawa. A kasuwar Balad da Bab Makka in kin san lambarki kika tafi da tef a jaka kina auna ɗamarar da hannunki zaki tsinci mai kyau cikin tarin nan. Abu ɗaya da ke tsorata ni shine wata murya da ake ta turawa a WhatsApp wai ƙarfen yana kawo kansar nono, ko akwai mai sani a kai?

Nas Hadiza (Madina):

Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba a samu alaƙa tsakanin bireziya da kansar nono ba, mai ƙarfe ko marar ƙarfe, a 2014 ma cibiyar Fred Hutchinson ta Amurka ta yi bincike akan mata sama da 1,000 basu ga komai ba. Abinda ya kamata mu kula da shi shine duba nono, in an ji ƙullutu ko fata ta lotsa ko kan ya shige ciki ko wani ruwa na fita a je asibiti kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Maman Hanan ƙurajen nan naki su suka fi tsaya min a rai saboda kin ambaci suga. Fata kan fata ga gumi ga zafi, wurin sai ya yi ja ya saɓule, wani lokaci ƙwayar fangas ta samu wurin zama, kuma masu suga sun fi saurin kamuwa. Bayan wanka ki ɗaga ki tsane wurin sosai da tawul mai laushi, ki tsaya gaban fanka ko mukayyif, wato AC, minti biyu kafin ki sa riga, kar ki maimaita bireziyar da kika yi gumi a ciki sai an wanke, kar ki shafa turare ko man bilicin a wurin. In ya kwana biyar bai lafa ba, ko yana wari ko ya tsage, ki nuna wa likitar taki ta rubuta miki man da ya dace, kar ki je saidaliyya, wato kantin magani, ki karɓi mai sinadarin kotizon da kanki don yana iya ƙara rura fangas ɗin. Wanki kuma da hannu da ruwa marar zafi, in gassala ce, wato injin wanki, ki sa a 'yar jakar raga ki maƙala ƙugiyoyin, ban da ruwan laushin kaya, shanya a inuwa. Ranar garin nan in kika bar roba a saman bene wuni guda ta gama yawo.

Maman Hanan (Jidda):

Allah ya biya ku da gidan aljanna gaba ɗaya. Anti Rabi na ari tef wajen maƙociyata mun auna, ƙasa 79, sama 103, da na sunkuya 105. Na juya baya a madubi kamar yadda kika ce, wlh ɗamarar tana can tsakanin kafaɗuna, hannuna duka ya shige har wuyan hannu. Nas Hadiza inada ganin likita ranar Talata zan nuna mata wurin insha Allah.

Ummu Sultan (Jidda):

Kin gani ko, 40 ɗin nan ta wuce ki da lamba biyu. Ki fara gwada 80F, wato 36E in ta Ingila ce, ki shiga ɗakin gwaji da 80G ma a hannu saboda wancan 105 ɗin. Ranar farko zaki ji kamar ta kama ki da yawa tunda kin saba da sakakkiya, ki bata kwana uku, in dai yatsu biyu na shiga ta baya daidai take. In 36 ɗin ta gagara maƙaluwa sam sai ki koma 38DD, kar ki wuce nan.

Anti Rabi mai ɗinki (Makka):

Tsofaffin ma kar ki zubar Maman Hanan, in kin shigo Makka ki taho min da biyu masu ɗan ƙwari, zan rage miki ɗamarar ta baya in toshe ramin ƙarfen da yadi mai laushi, ki samu na zaman gida kafin ki haɗa kuɗin sababbin.