Ƙoshi cikin Allah da jarabar caca a waya: ta ina ake farawa?

Shugaban matasa:
Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyaye da 'yan'uwa, ina neman shawara. Cacar ƙwallo a waya ta shiga cikin matasan ikilisiya, har da 'yan mawaƙa. An yi wa'azi, an tsawata, wasu sun fito gaba sun yi alkawari, bayan sati biyu sun koma. Muna ce musu su nemi ƙoshinsu cikin Allah, sai su ce: "To, da me ake yin hakan ranar Asabar da yamma?" Ina son amsa wadda za a iya aikatawa, mataki bayan mataki.

Fasto mai ritaya:
Ɗana, tambayar yaran nan daidai take. Buɗe Karin Magana 27:7. Wanda ya ƙoshi ko zuma aka ba shi sai ya ture, mayunwaci kuwa abu mai ɗaci ma zaƙi yake masa. Tsawatawa tana ɗauke kwanon daga gaban yaro, amma yunwar tana nan. Shi ya sa alkawarin yake karyewa cikin sati biyu. Yesu ya kwatanta wannan a Matiyu 12:43-45: an share gida, an gyara, an bar shi babu kowa, sai mugun ruhun da ya fita daga ciki ya dawo da waɗansu bakwai.

Saboda haka aikin farko shi ne gano sunan yunwar, don ba kowa ne yake caca saboda abu ɗaya ba. Zauna da yaro shi kaɗai, ka tambaye shi abin da yake ji minti goma kafin ya buɗe manhajar cacar. Yawanci amsar ba ta wuce uku. Wani tsoron rashi ne, kuɗin haya ko na makaranta ya matso. Wani zaman banza ne, jininsa ba ya motsi sai in akwai tikitin caca a hannu. Wani kuma so yake a gidan kallo a ce shi ne gwanin hasashe.

Kowace yunwa da abincinta. Mai tsoron rashi, ba shi Ibraniyawa 13:5-6, ka kuma nuna masa yadda ayar take tafiya: an ce mu rabu da son kuɗi, mu gamsu da abin da muke da shi, sai aka kawo dalili, wato Allah da kansa ya ce ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba. Umarnin yana tsaye ne a kan alkawarin. In ka koyar da rabin farko kaɗai, ka ɗora wa yaro kaya ba gammo. Mai neman motsin jini, Zabura 16:11 da Zabura 63. Mai neman suna, Yahaya 5:44 da Zabura 73:25-26.

Lura kuma da Matiyu 4. Bayan azumin kwana 40, amsoshin Yesu uku duka daga Maimaitawar Shari'a suka fito, 8:3, 6:16 da 6:13. Suna bakinsa tun kafin Iblis ya iso. Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Yaro ya haddace aya biyu kawai, waɗanda suka dace da yunwarsa, ya riƙa faɗarsu da murya. Aya ashirin a takarda ba ta kai biyu a baki ba.

Malamin lissafi:
Baba Fasto ya ba da tushe, bari in ƙara da agogo da alƙalami. Jarabar nan tana da lokaci. Wasannin Ingila na Asabar da yawa ƙarfe 3 na yamma suke farawa a can. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba hakan ƙarfe 3 ne a Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma ƙarfe 4. Gasar zakarun Turai kuwa yawanci daren Talata da Laraba. Ƙara da ranar da albashi ko kuɗin aljihu ya shigo. Tikitin ana haɗa shi awa ɗaya ko biyu kafin wasa, to nan ne fagen yaƙin. Ibadar asuba tana da kyau, Zabura 90:14 ma roƙo ne cewa Allah ya ƙosar da mu da safe, amma wanda ya karya kumallo ƙarfe 6 bai tsira daga yunwar ƙarfe 2 ba. A sa wani zama na minti 15 ranar Asabar bayan abincin rana: Zabura 63 da murya, aya 11 gare ta, minti biyu ta ƙare, sai a lissafa abubuwa biyar da Allah ya bayar a satin, da sunansu, ba "na gode don komai" ba, sai waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, sai a faɗa wa Allah ainihin kuɗin da ake bukata da ranar da ake bukatarsa.

Sannan a yi musu lissafi a allo, don ƙarya ba ta son alli. Ɗauki tikiti mai wasa 10, ka ce kowane hasashe yana da damar 60 cikin 100, wanda ma karamci ne. Ninka 0.6 da kansa har sau goma, za ka sami kusan 6 cikin 1,000. Damar a ci tara a faɗi ɗaya kuwa ta kai kusan 40 cikin 1,000, wato ta ninka ta cin duka fiye da sau shida. Ka ga "wasa ɗaya ne ya ɓata mini" ba alamar an kusa ba ce, haka tsarin yake, kuma wannan saura-ƙiris ɗin ne yake dawo da mutum gobe.

Mama daga Zumuntar Mata:
Sannunku da aiki. Ni dai ina da ja kaɗan. Kada mu sa yara su ɗauka sai sun ji daɗi a zuciya kafin su daina. Yusufu bai tsaya auna zuciyarsa ba, ya bar rigarsa ya gudu (Farawa 39:12). Makonnin farko addu'a takan zama kamar tuwo ba miya, domin harshen da ya saba da yajin caca ba ya jin ɗanɗanon abu mai sanyi nan da nan. Nan ne da yawa suke cewa abin bai yi aiki ba. A gaya musu tun farko cewa haka zai kasance, su ci gaba da ci ko ba daɗi. Bulus ma a Filibiyawa 4:11 cewa ya yi ya koyi gamsuwa, kuma abin da aka koya yana ɗaukar lokaci.

A ranar farko a rufe ƙofofi. A goge manhajar, a nemi kamfanin ya rufe asusun, don gogewa kaɗai minti biyu ake sake saukarwa. A fita daga rukunonin WhatsApp da Telegram masu raba lambobin tikiti. Katin banki ya koma hannun wani babba na wata uku. Kuma a tambayi bashi, ɗana, a tambaya kai tsaye. Yaron da manhajar bashi take barazanar kiran mutanen da ke cikin wayarsa zai koma caca don ya cike ramin, ko ya haddace Zabura gaba ɗaya. A rubuta bashin a takarda, nawa, na wa, a tsara biya ko da naira 2,000 ne a sati.

Shugaban matasa:
Na gode, Baba da Mama da Malam. Wanda ya sake faɗuwa fa, a dakatar da shi daga mawaƙa?

Fasto mai ritaya:
Ya danganta. In shi ya kawo kansa ya faɗa, kada a dakatar, don in ka hukunta mai faɗin gaskiya sauran za su koyi ɓoyewa. Galatiyawa 6:1 ta ce a maido da shi da tawali'u. Haɗa shi da mutum ɗaya, namiji ga namiji, wanda zai kira shi kowace Asabar ƙarfe 1, kafin wasa, ba bayan an yi asara ba, su yi Yakubu 5:16 tare, wato furta zunubi ga juna da yi wa juna addu'a. A sake duba wace yunwa ce ta tashi a ranar, wataƙila an ba shi ayar da ba tasa ba. In kuwa kuɗin ƙungiya ya taɓa, wannan maganar dattawan ikilisiya ce: a karɓe ajiyar daga hannunsa, ya mayar da abin da ya ɗauka, a rubuta ranar da zai gama biya.