Ina zan ga abin da ya rage na jirgin Terra Nova?

Maman Abba: Salama alaikum. An ba Abba aikin makaranta a kan Terra Nova, jirgin ruwan da ya kai Kyaftin Scott, mai binciken nan ɗan Birtaniya, Antatika a tafiyar da ta fara a 1910. Ina son ya gani da idonsa. Ina za mu nufa a hutun nan?

Ɗan Dundee: Wa alaikumus salam Hajiya. Jirgin dai ya nutse a 1943 kusa da Greenland, sai a 2012 aka gano gawarsa a ƙasan teku. Amma ku fara da Dundee ta Scotland, nan aka ƙera shi a 1884. Ba don Scott aka yi shi ba, don farautar ƙaton kifin nan wel ne, shi ya sa jikinsa katako ne mai kauri da zai jure ƙanƙara, ga filafilai ga injin tururi. Akwai Discovery, jirgin tafiyar Scott ta farko zuwa Antatika, a bakin ruwa, wanda maƙeran garin suka yi a 1901 bisa irin wannan ƙira. Ana shiga har ɗakunan kwana. Kuma Terra Nova na cikin jiragen da suka je ceto shi daga ƙanƙara a 1904.

Malam Injiniya: Kada ku bar garin ba ku leƙa Verdant Works ba, tsohuwar masaƙa ce da aka mayar gidan tarihi. Wallahi nan ne na fahimci labarin. Da man kifin ake tausasa zaren da ake saƙa buhun algarara, irin wanda muka sani ana zuba gyaɗa. Zaren daga Bengal, man daga tekun ƙanƙara, masaƙan kuma galibi mata ne. Na daɗe tsaye gaban injin saƙar, ƙararsa har cikin ƙirji.

Maman Abba: Ikon Allah! To wani abu na jikin jirgin kansa fa?

Anti Cardiff: Ƙararrawarsa tana Cambridge, a cibiyar binciken da ke ɗauke da sunan Scott. In kun samu dama ku biyo ta nan Cardiff, daga tashar jirgin ruwanmu ya tashi ranar 15 ga Yuni 1910. Ku kai Abba tafkin Roath Park ya ga hasumiyar tunawa da Scott da mutanensa.

Ɗan Dundee: Kafin tafiyar, ku nema masa hotunan Herbert Ponting, mai ɗaukar hoton tawagar Scott, a intanet, musamman wanda aka hango jirgin ta cikin kogon ƙanƙara. Ku taho da rigar sanyi mai kauri, iskar kogin Tay ba ta wasa.

Maman Abba: Allah Ya saka da alheri. Dundee za mu fara in sha Allah.