Koyon Italiyanci cikin wata ɗaya ko biyu: abin da masana suka ce

Yawancin waɗanda suka tattauna batun zuwa Italiya don koyon harshen sun yarda cewa mako huɗu ba ya mai da mutum gwani. Wanda ya tafi bai san komai ba, da kyar zai wuce matakin A1, wato matakin farko na iya harshe. Don haka a fara koyon gaisuwa, lambobi da fi'ilan essere (kasancewa) da avere (mallaka) tun daga gida.

Wajen zaɓen gari, an fi yaba Perugia da Siena, inda akwai jami'o'in koyar da baƙi harshen. A Roma da Florence 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa, da ka yi tuntuɓe sai mai shago ya juya maka da Turanci.

Bizar Schengen ta gajeren zama, wadda ake shiga Italiya da ita, kwana 90 ce kacal cikin kwana 180.

Bahaushe yana da sa'a wajen baƙi mai ruɓi (harafin da ake ninkawa, kamar nn), ba zai haɗa nono (na tara) da nonno (kaka namiji) ba. Inda yake faɗuwa shi ne p da f: patto yarjejeniya ce, fatto kuwa abin da aka yi.

Masu sauka gidan iyalin Italiyawa su faɗi tun farko ba sa cin alade. Har a burodi, a duba kalmar strutto, wato kitsen alade.