Wane ruwa za a zuba wa radiyatar tsohuwar moto kafin zafin Afrilu?

Laminu: Salamu alaikum. Masu garaji da masu sayar da kayan moto, kowa ya kawo abin da ya sani. Tsofaffin motoci masu radiyata, irin su Yamaha DT 125 R, Honda Transalp da Kawasaki KLR 650, suna shigo mana da ruwa kala-kala a ciki: kore, ja, wani lokaci ruwan rijiya zalla mai launin kunun kanwa. Zafi na tafe, kuma a Maraɗi ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Wanne ya dace, nawa ake zubawa, me ke lalacewa in an kuskure?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. A fara raba zancen: yawancin motocin kabu-kabu, Boxer da ƴan'uwanta, iska ke sanyaya su, ba su da wurin zuba ruwa. Magana ta shafi masu radiyata, har da wasu kekunan kaya masu ƙafa uku.

Mutane kan ce ai mu ƙanƙara ba ta kama ruwa a nan, to me za a yi da antijel, wato ruwan kwalba na radiyata mai hana daskarewa? Gaskiya ne, amma ruwan kwalba aiki uku yake yi, hana daskarewa ɗaya ne kawai. Yana hana tsatsa cin alminiyon na injin da radiyata, kuma yana ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a 100. In an gauraya rabi da rabi da gilikol, sinadarin da ke cikin antijel, sai wajen 107. In kuma murfin radiyata mai lamba 1.1 yana da lafiya, matsin da yake riƙewa ya kai shi kusan 129. Wannan tazarar ita ke ceton inji a cunkoson bakin babbar kasuwa da azahar, inda moto ke rarrafe iska ba ta ratsa radiyata.

Alhaji Sa'adu mai kayan moto: Malam Isufu ya faɗi daidai. Ni kan kwalba zan yi magana, don a nan ake yawan faɗawa rami. Kar a sayi launi. Rini ne kamfani ke sakawa, ja na wannan kamfani ba shi ne ja na wancan ba. A juya bayan bidon a karanta.

Iri biyu ke kasuwa. Akwai wanda aka rubuta wa "prêt à l'emploi", an riga an gauraya shi, ba a ƙara masa ko ɗigon ruwa. Akwai "concentré", shi ne kake haɗawa da kanka. Lambar sanyi da ke jiki, wato sanyin da ruwan ke jurewa kafin ya daskare, ita ma tana da amfani a gare mu, domin ita ke nuna yawan gilikol: mai -35 kusan rabi ne, mai -25 wajen kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya gaza haka maganin tsatsarsa ya yi ƙaranci, in kuma ka ƙara masa ruwa ka gama kashe shi.

Sai babban abu ga motocin Japan: a nemi wanda aka rubuta "sans silicate". Silikat sinadari ne da ke cikin wasu ruwan motoci masu ƙafa huɗu na da, kuma Honda ta yi kashedi a littattafan motocinta cewa yana cinye hatimin famfon ruwa, yana toshe hanyoyin radiyata.

Laminu: Alhaji, to mutum ya zuba konsantire zalla mana, tun da shi ke hana tafasa?

Malam Isufu: A'a ƙanena, nan ne dabara ke zama asara. Ruwa ya fi gilikol kwasar zafi nesa ba kusa ba. Ka zuba shi zalla, allurar zafi hawa za ta yi, ga shi da kauri famfo na wahalar tura shi. Tsakanin kashi 40 da 50 ake tsayawa. A ƙasarmu 40 ya wadatar, ƙasa da haka kuma tsatsa ta samu ƙofa.

Habu Makanike: Ruwan haɗin shi ne abin da ya fi kashe mana radiyata. Ruwan rijiya, na famfo, har da fiya-wata na leda, duk suna ɗauke da gishirin ƙasa. Ka duba cikin butar shayi da ta daɗe, farin ɓawon nan da ke manne a gindinta, shi ke taruwa a cikin bututun radiyata, alhali bututun sirara ne ƙwarai. Da an cire tiyon sama aka leƙa da tocila, za a ga bakin ramukan sun yi fari kamar an shafa toka. Moton da ta kai haka, ko wane ruwa ka zuba za ta yi zafi a hanyar Tasawa.

Tataccen ruwa ake so, wanda ake ƙara wa batir, "eau distillée" ko "déminéralisée". A kula ƙwarai: a shago ɗaya ake sayar da asid na batir, kwalaben sun yi kama. A karanta kafin a zuba.

In ruwa ya ƙare a daji, a zuba kowane ruwa mai tsabta a kai gida, ya fi a ƙona juwan kilas, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Amma cikin kwanakin a zubar a sake.

Malam Isufu: Ga yadda ake canji. Inji ya huce sarai, hannu na iya zama a kansa. Buɗe murfi da zafi ya sha ƙona fuskar yaran garaji. A ajiye roba a ƙasa, a kwance ƙusar zubarwa da ke jikin famfon ruwa, wadda ke da wasar jan ƙarfe, wato ɗan zoben da ke hana ɗigo, sannan a buɗe murfin radiyata ruwan ya fito da ƙarfi. A cire ƙaramin tankin ajiya a wanke laka da ke gindinsa. A cika da tataccen ruwa, a tayar da inji minti 10, a bari ya huce, a zubar. A maimaita har abin da ke fita ya yi garau. Wasar jan ƙarfen a sa sabuwa, tsohuwar takan yi ɗigo.

Zubawa a hankali, ana matsa tiyo da hannu, ana karkata moto hagu da dama don iska ta fito. Iskar da ta maƙale a kan inji ita ke sa allura tsalle bayan an yi sabon canji. A tayar da murfi a buɗe har kumfa ta daina, a cika, a rufe, a jira fanka ta kama. Washegari da safe a sake dubawa, tankin ajiya ya tsaya tsakanin layuka biyu. DT ba ta cin lita ɗaya cikakkiya, manyan kuma tsakanin lita 1 da 2 da ɗan kai, don haka bidon mai lita 2 yakan isa.

Alhaji Sa'adu mai kayan moto: In ba ka san abin da ke ciki ba, kar ka ɗora wani iri a kai. Wasu in sun haɗu maganinsu ya raunana, wani lokaci su yi dunƙule. A wanke a fara sabo. Shekara 2 ake canzawa. Mai dogon zango, wanda ake rubuta wa OAT, ya kan kai 5 a alminiyon, amma bai dace da tsohuwar radiyatar tagulla mai waldar dalma ba.

Habu Makanike: Kafin a ɗora wa ruwa laifi a duba murfi. Robarsa in ta tsage, matsi ya tafi, ruwa ya riƙa amai ta tankin ajiya. A sayi mai lamba ɗaya da tsohon. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna cushe haƙarƙarin radiyata, a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, injin wankin mota yana lanƙwasa su. A ƙarƙashin famfon ruwa akwai ɗan rami. In yana ɗigo, hatimi ya mutu. In man inji ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga mai, kar a ƙara tayar da moton.

Tsohon ruwan kuma, don Allah, kar a bar shi a buɗe ko a kwarara shi a lungu. Zaƙi gare shi, guba ce mai kashe ƙoda, awaki da yara ƙanana suna sha. A zuba a bidon mai murfi, ba a kwalbar lemo ba.

Laminu: Allah ya saka da alheri. Malam Habu, gobe zan kawo maka murfin KLR ka duba min lambar, ta goge.